Kifin Ƙanƙara Mai Araha: Ina Haɗarin Yake Tsakanin Legas Da Kano?

Wane kifi ake nufi, kuma ta ina yake zuwa?

Ana nufin irin su shawa da kote, waɗanda ake kamawa a Tekun Atlantika, a daskarar da su, a zuba a kwali, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas. Daga nan manyan motoci masu na'urar sanyi suke ɗauko su, su yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin su iso Kano.

Me ya sa arahar kifin take ƙara masa haɗari?

Domin kuɗin sanyaya kwalin shawa daidai yake da na sanyaya kwalin kifi mai tsada, amma ribar da ke cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Ka'ida ita ce a ajiye daskararren kifi a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, ba tare da yankewa ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ga tsadar dizal, ga ɗauke wuta, sai direba ya kashe na'ura a hanya, mai ɗakin sanyi ma ya kashe janareta da dare, kowa yana ganin 'yan sa'o'i ba za su yi komai ba. Asarar kuwa a kan mai ƙaramin jari take ƙarewa, wato matar da ta sari kwali ɗaya don ta soya a bakin titi, kuma wannan ne ya fi damuna.

Shin suya ba ta gyara kifin da ya narke aka sake daskarar da shi?

Ba ta gyarawa. Irin waɗannan kifaye, idan suka ji ɗumi, ƙwayoyin cuta suna samar da wani sinadari a namansu da ake kira histamin, wanda wuta ba ta kashe shi. Wanda ya ci yakan ji ƙaiƙayi da ciwon kai, fuska ta yi ja, wani lokaci har da gudawa, cikin mintuna ko 'yan sa'o'i.

To, yaya mai sari zai kare kansa?

Ya duba kwalin tun kafin ya biya. Idan takardar ta jiƙe ta bushe ta yi shatin ruwa, ko kuma aka ga ƙanƙara mai launin jini ta taru a gindin kwalin, to kifin ya taɓa narkewa. Bayan kifin ya saki, a danna shi da yatsa. Idan gurbin yatsan ya zauna, ko cikin ya fashe, a mayar da shi. Ya kamata kuma a yi yarjejeniya da dila tun farko a kan wanda zai ɗauki asarar kwalin da ya lalace, sannan a sari abin da zai ƙare a ranar kaɗai, wanda ya rage kuma a yi bandarsa tun da yamma.