Gadon Taɓin Hankali Tsakanin Baƙi da 'Yan Ƙasa

Gadon taɓin hankali shi ne a samu uwa ko uba ko wani na jini yana da ciwon ƙwaƙwalwa, har ya zama na bayansu sun fi sauran mutane kusa da kamuwa. A Katsina da Daura ba sai likita ya faɗa ba, duk wanda ya taɓa zuwa binciken aure ya san tambayar nan da ake yi a ɓoye, wai gidan su akwai mai taɓi? Sai dai da an samu, wasu su ce iskoki ne, wasu su ce jifa aka yi mashi, a fara da ruƙiyya, asibiti sai abin ya ci tura.

A cutar da likitoci ke kira sikizofireniya, wadda mutum ke jin muryoyi yana zargin kowa, kusan mutum 1 cikin 100 ke kamuwa. In uwa ko uba na da ita, a 'ya'yansu ya kan kai wajen 10 cikin 100, tagwaye masu kama ɗaya kuwa in ɗaya na da ita, kusan rabi ɗayan ma kan kamu. To ka ga gadon gaskiya ne amma ba shi kaɗai ke aiki ba, in da jini ne kawai ai da duka tagwayen za su kamu.

Maganar baƙi, wato waɗanda suka bar ƙasarsu suka koma wata, ta fi ɗaure kai. Tun 1932 wani likita ɗan Norwe, Odegaard, ya lura mutanen ƙasarsu da suka koma Minesota ta Amurka sun fi waɗanda suka zauna gida kamuwa. A Ingila ma haka aka gani ga baƙar fata 'yan Karibiyan, alhali can Jamaika da Tirinidad cutar ba ta fi ta Turawan Ingila yawa ba. Da aka bi dangin marasa lafiyar 'yan Karibiyan a shekarun 1990 a Manchesta da Landan, sai aka tarar iyayensu ba su fi iyayen Turawa marasa lafiya ciwon ba, amma 'yan uwan marasa lafiyar da aka haifa a Ingila haɗarinsu ya ninka sau da yawa. Jini ɗaya ne fa, wurin zama ne ya sake, shi ya sa masana ke ɗora abin kan wariya da talauci da rabuwa da dangi. An kuma ga inda baƙo ke zaune cikin mutanensu da yawa ciwon na raguwa.

Wannan ya shafe mu, tunda ta Jibiya da Kwangwalam, kan iyakarmu da Nijar, kullum shiga ake ana fita, ga 'yan ci-rani, ga waɗanda 'yan bindiga suka kora har Maraɗi. Ɗan gari kowa ya san kakansa, wani lokacin ma a yi ta goranta ma zuri'a guda kan mutum ɗaya da ya mutu tuntuni. Baƙo kuwa ko likita ya tambaye shi tarihin gidansu, sau da yawa wanda zai ba da amsar yana can wata ƙasa, ko ya rasu.