Waiwaye: Tarihin Tambayar Ko Mata Na Gudun Gasa

Masana tattalin arziki sun daɗe suna kai kawo kan abin da ya sa albashin mata yake ƙasa da na maza, kuma ba a cika ganinsu a manyan kujeru ba. A da ana ɗora laifin kan ƙarancin karatu, hidimar raino, da wariyar masu ɗaukar aiki. Da mata suka kamo maza a jami'o'in ƙasashe da yawa amma tazarar ta ƙi rufewa, sai wasu suka fara tambayar ko son gasa ne ya bambanta.

A 2003 Uri Gneezy da Muriel Niederle da Aldo Rustichini suka buga sakamakon gwajin da suka yi da ɗaliban jami'ar fasaha ta Technion a Isra'ila. An sa su warware wasan neman mafita a kwamfuta. Da aka ce wanda ya zo na ɗaya kaɗai za a biya, ƙwazon maza ya ƙaru, na mata kuwa bai motsa sosai ba, sai fa idan gasar ta mata ce zalla.

Gwajin da ya fi yin suna shi ne na Niederle da Lise Vesterlund a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, wanda ya fito a 2007. Ana haɗa mutum huɗu, maza biyu mata biyu, kowa yana ta tara lambobi na minti 5. Bayan sun ɗanɗana tsarin biya iri biyu, sai aka ce kowa ya zaɓa: ko santi 50 kan kowace amsa daidai, ko dala 2 kan kowace amsa idan ya fi sauran ukun, idan bai fi su ba ya tashi hannu rabbana. Maza da mata sun yi kunnen doki a lissafin. Duk da haka kashi 73 cikin ɗari na maza suka zaɓi gasar, mata kashi 35. Da aka tambaye su matsayin da suke zaton sun samu, kashi 75 na maza suka ce su ne na ɗaya a rukuninsu, alhali mutum ɗaya cikin huɗu ne zai iya zama haka.

A nan ne nake ganin an yi wa binciken rashin adalci. Taken takardar ya yi tambaya biyu ne, ko mata na gudun gasa, da ko maza na wuce gona da iri wajen shigarta. Duniya ta riƙe ta farko ta yi watsi da ta biyu, aka shiga yi wa mata nasihar su ƙara zafin nama, ba wanda ya tsaya duba mazan da ba su iya lissafin ba amma suka kutsa gasar suka yi asara.

Halitta ce ko tarbiyya? Gneezy da Kenneth Leonard da John List sun kai tambayar wurin al'ummar Masai na Tanzaniya, inda namiji ke da iko da komai, da Khasi na arewa maso gabashin Indiya, inda dangantaka ke bin uwa kuma 'yar auta ke gadon gida. Aikin shi ne jefa ƙwallon tanis cikin bokiti sau 10. A sakamakon da ya fito a 2009, kashi 50 na mazan Masai sun zaɓi gasa, matansu kashi 26. A wurin Khasi lamarin ya juya: mata kashi 54, maza kashi 39. Ba a yanke hukunci da al'umma biyu kawai, amma daga nan ya yi wuya a ce wa abin jini ne.

Bayan haka bincike ya yawaita. A Holan, Thomas Buser da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa son gasa na da hannu wajen zaɓen fannin lissafi a sakandare, sai dai kusan kashi 20 na tazarar yara maza da mata kawai ya bayyana. A 2016 Alessandra Cassar da abokanta sun gwada iyaye a Sin, da aka mayar da ladan ya zama takardar sayen littattafan yara maimakon kuɗi, iyaye mata suka shiga gasar kamar maza. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, don ya nuna tambayar a kan me ake gasar tana da nauyi. Wani binciken na 2017 ya gano tazarar na ɓacewa idan mutum da bajintarsa ta baya yake gasa.

Yanzu har ma'aunin kansa ake tuhuma. Roel van Veldhuizen ya kawo hujja a 2022 cewa idan aka auna tsoron kasada da yarda da kai yadda ya kamata, abin da ya rage na ƙin gasar ita kanta ba shi da yawa, kuma masanan ba su gama jayayya a kai ba.