Kafin a ji ƙarar bindiga: abin da makusanta kan fara gani

Duk lokacin da aka ce wani ya buɗe wa jama'a wuta, sai majalisa ta rabu. Wannan ya ce taɓin hankali ne, wancan ya ce ƙwaya ce, wani kuma ya rantse sammu aka yi masa. A yi ta musu har a tashi. Mu ma'aikatan lafiya abin da ya fi damun mu shi ne kwanakin da suka gabaci harbin, domin a cikinsu ne ake iya ceton rai.

Harin 'yan bindigar daji daban ne, wannan gungu ne mai lissafin fansa da ramuwar gayya. Maganarmu a kan mutum guda ce, sananne a unguwa, mai makami a hannu: ɗan sa-kai, mafarauci ko jami'in tsaro. A Zamfara matsalar tsaro ta shigar da bindiga gidaje da dama, saboda haka batun ya shafe mu kai tsaye.

A Amurka, inda abin ya yi ƙamari, hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta fitar da nazari a 2018 kan mutum 63 da suka buɗe wa jama'a wuta daga 2000 zuwa 2013. Kashi 25 cikin 100 ne kawai aka tabbatar likita ya taɓa gano suna da cutar ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi haɗa su shi ne ƙullaci: kora daga aiki, mutuwar aure, ko wulaƙancin da suka kasa haɗiyewa. Galibinsu sun yi mako guda ko fiye suna shiri, kuma a matsakaicin lissafi kowanne ya nuna alamu huɗu zuwa biyar da mutanen kusa suka gani. Don haka zalunci ne a riƙa nuna marasa lafiyar ƙwaƙwalwa da yatsa, mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba.

Alama mafi nauyi ita ce furuci. Mutum ya kama suna ya ce, "Wallahi sai na ga bayan wane," ya maimaita gobe da jibi, ko ya tura saƙon murya ta WhatsApp cewa za a ji labarinsa ranar kasuwa. Idan furucin ya haɗu da shiri, kamar sayen harsashi ko albarushi fiye da yadda ya saba, ko tambayar lokacin da wane ke fitowa sallar asuba, to an wuce batun zafin rai. A lura kuma da wanda ya fara biyan basussuka babu gaira babu dalili, yana rabar da kayansa, yana neman gafara kamar mai bankwana. Da yawan masu irin wannan hari sun riga sun yanke ƙauna da rayuwarsu. Dukan iyali, kwanaki babu barci, da shan tiramadol duk suna ƙara wa wutar fetur.

Idan kuka ga haka, abu na farko shi ne raba shi da makamin, amma ban da fizge, ban da tozartawa a bainar jama'a. Mutum biyu ko uku da yake jin nauyinsu, kamar kawunsa, liman ko shugaban rundunarsu, su same shi a keɓe lokacin da bindigar ba ta jikinsa. A karɓe ta da sunan ajiya, harsashi kuma a ajiye wani wuri daban. Bindigar gida da aka riga aka ɗura, wanda ya iya ta ne kaɗai zai taɓa ta. Sannan a tambaye shi ƙarara: "Ɗan'uwa, kana tunanin kashe wani ko kashe kanka?" Tambayar ba ta saka wa mutum niyyar da ba shi da ita, sau da yawa ma ita ke buɗe bakinsa.

Wanda aka ambaci sunansa a gaya masa a ranar, ya kauce. A rubuta kalaman yadda aka faɗe su, da rana da wuri, kar a goge saƙon murya. A kai wa mai unguwa da ofishin 'yan sanda, in kuma mutumin ya riga ya fita da makami, a kira 112.

Inda ake yawan yin sakaci shi ne bibiya. A garin Parkland na jihar Florida a Amurka, an sanar da FBI a Janairun 2018 cewa wani matashi na iya kai hari makaranta, rahoton bai isa inda ya kamata ba, a Fabrairu ya kashe mutum 17. Kai rahoto sau ɗaya bai wadatar ba, a koma washegari a tambayi abin da aka yi.

Idan akwai jin muryoyi, zargin kowa, ko ƙwaya ta yi masa yawa, asibiti za a nufa. Mari da ɗauri ba sa magani, ƙullacin suke ƙarawa. Asibitin gwamnatin tarayya na Gusau zai iya duba shi, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Bayan ya dawo, a sa ido sosai ranar da za a yanke shari'arsa ko a ba shi takardar sallama daga aiki, kuma kar a mayar masa da bindigar sai likita da shugabansa sun amince.