Waiwaye: Yadda Amurka ta shekara 22 a sansanin Wheelus na Libiya

Filin jirgin saman Mitiga, wanda Tarabulus ke dogaro da shi tun da yaƙi ya lalata babban filinta a 2014, shi ne tsohon sansanin Wheelus. Yana bakin teku, kimanin kilomita 11 gabas da tsakiyar gari, tsakanin Suƙul Juma'a da Tajura. Italiyawa ne suka gina shi a 1923, suna kiransa Mellaha saboda fadamar gishirin da ke wurin. Sojan Ingila suka ƙwace shi a Janairun 1943, Amurkawa suka biyo sahu, a 1945 suka laƙaba masa sunan wani laftanar ɗinsu, Richard Wheelus, wanda ya mutu a haɗarin jirgi a Iran. An rufe shi a 1947, aka sake buɗewa a Yunin 1948 da yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet ya kankama.

Talauci ne ya ba Amurka wurin zama. Ranar da Libiya ta sami 'yanci, 24 ga Disamban 1951, tana sahun ƙasashen da suka fi kowa fatara a duniya. Cikin manyan abubuwan da take sayarwa waje akwai wata ciyawa da Turawa ke yin takarda da ita, da ƙarafan tankoki da motocin da yaƙin duniya ya bari a sahara, waɗanda masu tsintarsu ke yawan taka nakiya. Don haka gwamnatin Sarki Idris ta ba da hayar ƙasa: Ingila a 1953, Amurka kuma a yarjejeniyar 9 ga Satumban 1954, wadda za ta ƙare a Disamban 1970. Farashin ya kama kimanin dala miliyan 40 a tsawon wa'adin, mafi yawansu a shekarun farko, da tallafin alkama a kai. A wancan lokaci kuɗin sansanoni da tallafin waje su ne ke riƙe da kasafin gwamnati.

Abin da Amurka ta saya a zahiri shi ne sararin sama marar gajimare da fili marar jama'a. A Jamus da Ingila hazo da ruwa da cunkoson garuruwa ba sa barin matuƙi ya koyi jefa bam yadda ya kamata. Sai aka tsara karɓa-karɓa: runduna ta taso daga Turai da jiragenta, irin su F-100 da daga baya F-4, ta yi 'yan makonni a Wheelus, ta koma, wata ta zo. Kowace safiya jirage na tashi zuwa filin atisaye na Watiya, fiye da kilomita 100 kudu maso yamma, su yi harbi da jefa bama-baman gwaji, su dawo a duba makin kowane matuƙi. Babban mai ɓata jadawali shi ne gibli, iskar kudu mai zafi da ƙura, wadda ke rufe gani, yashinta kuma ya ci injin.

Cikin katanga, gari ne sukutum. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 50, Amurkawa kusan 4,600 na zaune da iyalansu, da babban asibiti, da makarantar sakandare, da silima, da kulob a bakin teku, da gidan rediyo da na talabijin. Wannan talabijin ita mazauna Tarabulus masu hali suka fara kallo, shekaru kafin gwamnatin Libiya ta buɗe tata a 1968.

Daga waje kuwa, abu biyu mutane suka riƙe, kuma ba su jituwa. Na farko aiki ne: albashin da ke zuwa kan kari, da koyon tuƙi, kanikanci, girki da Turanci, a ƙasar da aikin albashi ke wuyar samu. Na biyu shi ne yadda aka raba aikin. Italiyawan da suka rage a Tarabulus, waɗanda jiya-jiya su ne 'yan mulkin mallaka, su suka fi samun aikin ofis da na ƙwararru, ɗan ƙasa kuma ya tsaya a lebura, mai shara ko yaron gida. Ga ƙarar jirage a kan gidaje da gonaki, ga haɗari. Jirgin yaƙi na ɗauke da tankin mai na ƙari a ƙarƙashin fiffike, kuma idan inji ya samu matsala bayan tashi, matuƙi kan yar da shi don ya rage nauyi. Abin da ke ƙasa kuwa unguwa ce. Labarin da ya yaɗu a Tarabulus shi ne cewa Mitiga sunan wata yarinya ce ta yankin da irin wannan haɗari na jirgin Amurka ya kashe, shi ya sa aka sa wa filin sunanta a 1995.

Man fetur ne ya sauya lissafi. Kamfanin Esso ya same shi a Zaltan a 1959, aka fara lodi a Marsa Burega a 1961, cikin 'yan shekaru kuɗin haya ya zama abin da ba a ko lura da shi a kasafi. A Fabrairun 1964 Jamal Abdul Nasir na Masar ya yi kira a rufe sansanonin Libiya, majalisar ƙasar ta amsa, aka shiga tattaunawar da sarki ya yi ta ja. A yaƙin Larabawa da Isra'ila na Yunin 1967 jita-jita ta bazu cewa jiragen Amurka na taimakon Isra'ila, tarzoma ta ɓarke a Tarabulus, aka kwashe Amurkawa fiye da 6,000 ta Wheelus. Abin lura a nan, ƙaramar rundunar sojan saman Libiya ita ma a cikin wannan sansani take, Amurkawa ke horar da ita.

Bayan juyin mulkin 1 ga Satumban 1969, Mu'ammar Gaddafi da 'yan majalisarsa suka nemi Amurka da Ingila su tashi daga sansanoninsu. Kwamandan sansanin a lokacin shi ne Kanar Daniel James, wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko mai tauraro huɗu a sojan Amurka. An cimma matsaya a Disamban 1969. Ingila ta bar sansanin El Adem a Maris na 1970, Amurka ta sauke tutarta ranar 11 ga Yuni, kafin wa'adin hayar ya cika. Gwamnatin Gaddafi ta mai da ranar hutun ƙasa, ta sa wa sansanin sunan Uƙba bin Nafi'u, Amurka kuma ta kai yawancin atisayen harbin zuwa Zaragoza a Sifen.