Hutun Kirsimeti da Sada Zumunci

Hutun Kirsimeti lokaci ne da Kiristoci suke tunawa da haihuwar Yesu Almasihu a Baitalami, kuma a ƙasashe da dama shi ne lokacin da 'yan uwan da aiki ko karatu ko aure ya raba su suke sake haɗuwa. Yawancin majami'u suna bikin ranar 25 ga Disamba. Majami'un Otodoks na Rasha da Sabiya, da Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha, nasu yana faɗawa ne 7 ga Janairu saboda tsohon lissafin kalanda da suke bi, Armeniyawa kuwa 6 ga Janairu. Shaidar bikin 25 ga Disamba mafi daɗewa a rubuce ta fito ne daga birnin Roma, ta shekarar 336.

A tsarin majami'un Yamma, wato Katolika da Furotesta, ana fara shiri tun Lahadi huɗu kafin ranar, sannan bikin ya ɗauki kwana 12 har zuwa 6 ga Janairu, ranar tunawa da masanan da suka zo daga gabas suka kawo wa jariri Yesu kyautar zinariya da lubban da mur, wani ƙaro mai ƙamshi. Wannan faɗin lokaci yana da amfani ga iyali, domin babu dalilin cusa dukkan ziyarce-ziyarce cikin yini guda.

Tushen kyautatawa

Sura ta biyu ta Bisharar Luka ta ce mala'iku sun yi shelar salama a duniya a daren haihuwar, kuma daga nan ake danganta bikin da sulhu da alheri. Al'adar ba da kyauta ta samu ƙarfi daga tarihin Nikolas, bishof ɗin Mira a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kuma ya shahara da taimakon matalauta a ɓoye. A Kirsimetin 1914, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Birtaniya da na Jamus sun tsagaita wuta a wasu sassan fagen daga, suka fito suka gaisa, suka binne gawawwakinsu.

Shirin taron iyali

Zaman lafiyar taro yana farawa ne makonni kafin a taru. Abu uku ake yankewa da wuri: gidan da za a haɗu, kwana nawa baƙi za su yi, da yadda za a raba kashe kuɗi. Ma'aurata sukan sauƙaƙa wa kansu ta hanyar karɓa-karɓa, bana a gidan iyayen miji, baɗi a na iyayen mata, kuma a sanar da surukai tun kafin su sa rai. Idan dangi suna da yawa, akan rubuta sunaye a takarda a yi ƙuri'a, kowa ya saya wa mutum ɗaya kyauta bisa iyakar kuɗin da aka amince. Hakan yana hana cin bashi, yana kuma rufa wa marar ƙarfi asiri.

Aikin gida shi ne inda aka fi yin sakaci. Sau da yawa mutum ɗaya ne yake tashi da asuba ya kwanta ƙarshen kowa, yana girki yana wanke-wanke alhali sauran suna hira a falo, kuma gajiyarsa ce take komawa fushi a rana ta biyu. Maganinsa shi ne a raba aiki da suna, wane cefane, wance girki, yara shara, tun kafin a iso. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje kafin a sa shi a firji, kyandir da fitilun ado kuma a kashe su kafin barci.

Abin da ke ɓata taro

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle mutanen da suka shekara ba su kwana a gida ɗaya ba. Rigima takan taso daga maganar gado, tsohon bashi, siyasa, tambayar wanda bai yi aure ba ko wadda ba ta haihu ba a gaban jama'a, da gwada arzikin wani da na wani. Rashin barci da shan barasa suna ƙara rura wutar. Idan akwai magana mai nauyi, a keɓe mata lokaci tsakanin waɗanda ta shafa kawai, zai fi kyau bayan an gama biki.

Waɗanda aka yi wa rasuwa a shekarar, da tsofaffin da suke zaune su kaɗai, da marasa lafiya, sun fi kowa jin nauyin wannan lokaci. Gayyata ta kai tsaye mai rana da lokaci ta fi amfani a gare su da cewa "ku leƙo mana", kuma ambaton sunan mamaci cikin addu'a yakan sanyaya zuciya fiye da yin shiru a kansa. Kewa takan tsananta a watan Janairu bayan baƙi sun watse, shi ya sa wasu iyalai suke tsayar da ranar kiran waya ko ziyara ta gaba tun kafin a yi sallama.