Ɗa'ar Ma'aikatan Makaranta da Kare Yara a Najeriya

Ɗa'ar ma'aikatan makaranta ita ce ƙa'idojin da suka fayyace yadda mai aiki a makaranta zai yi hulɗa da ɗalibai, da abin da ya hau kansa idan ya ga ko ya ji ana cutar da yaro. Ƙa'idojin sun shafi malamin aji da hedimasta da firinsifal. Sun kuma shafi mai gadi, da direban motar makaranta, da masu dafa abinci, da uwar ɗakin kwanan ɗalibai, da ɗan bautar ƙasa da aka turo koyarwa. Tushensu ɗaya ne: daga lokacin da yaro ya shiga ƙofar makaranta har ya koma hannun iyayensa, amana ne a wuyan manyan da ke wurin. A Najeriya ba a tattara ƙa'idojin a kundi ɗaya ba. Wasu suna cikin dokokin tarayya, wasu a dokokin jihohi, wasu a littafin ɗa'a na hukumar rajistar malamai, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Tushen doka

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar 'Yancin Yara ranar 20 ga Nuwamba, 1989, Najeriya kuma ta tabbatar da ita a 1991. Sashe na 19 ya wajabta wa gwamnatoci kare yaro daga duka da cin zarafi da sakaci a hannun duk wanda ke kula da shi, sashe na 28 kuma ya ce horon makaranta kada ya zubar da mutuncin yaro. Nahiyar Afirka ta yi tata yarjejeniyar a 1990, ta fara aiki a 1999.

A cikin gida, babbar dokar ita ce Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. Dokar tana aiki kai tsaye ne a Abuja kaɗai, sauran jihohi sai majalisunsu sun yi tasu. Legas ta yi a 2007. A arewa an ja dogon lokaci, galibi saboda saɓani kan shekarun aure, sannan Kaduna ta yi dokar walwala da kare yara a 2018, Kano ta yi tata a 2023. Akwai kuma dokar haramta cin zarafin jama'a ta 2015, wadda ta tanadi rajistar masu laifin fyaɗe; an ƙaddamar da rajistar ta ƙasa a Nuwamban 2019 ƙarƙashin hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP. A Jamhuriyar Nijar gwamnati ta fitar da wata doka a Disamban 2017 kan kare yarinya da tallafa mata muddin tana karatu.

Girman matsalar ya fito fili a binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Ya nuna kusan yara 6 cikin 10 suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya 1 cikin 4 da yaro namiji 1 cikin 10 an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka samu taimako ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Hukumar rajistar malamai

Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN, an kafa ta da doka mai lamba 31 ta 1993. Ita ke ba malami lasisi, ita ce kuma ta wallafa littafin ɗa'ar malamai. Littafin ya hana malami neman ɗaliba ko ɗalibi da lalata, da karɓar kuɗi ko kyauta don ya ba da maki, da taimaka wa satar amsa, da tona sirrin ɗalibi ba bisa ƙa'ida ba, da nuna bambanci saboda addini ko ƙabila ko jinsi. Hukumar tana da kwamitin bincike da kwamitin ladabtarwa wanda ke iya jan kunnen malami ko ya soke sunansa daga rajista.

Gibin da ke nan babba ne. Ikon hukumar a kan malami mai rajista yake, alhali makarantun kuɗi da yawa cike suke da waɗanda ba su taɓa yin rajista ba. Mai gadi da kuku da direba kuwa ba su cikin lissafinta sam.

Bulala

Babu batun da ya fi wannan jawo gardama a ɗakin malamai. Sashe na 55 na kundin hukunta laifuka na Final Kod, wanda ya fara aiki a arewa a 1960, ya ba malamin makaranta damar horon yaron da aka danƙa masa matuƙar bai yi masa mummunan rauni ba. Kudu ma tana da irin wannan a sashe na 295 na nata kundin. Littafin TRCN ya ce kada malami ya yi duka sai da izinin hukumar makaranta. Dokar 2003 kuwa ta hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi. Malami ɗaya zai iya samun mafaka a wannan doka, waccan kuma ta kama shi. Wasu ƙasashen Afirka sun yanke maganar: Afirka ta Kudu ta haramta duka a makaranta a 1996, Kenya a 2001.

Masu kare bulala sukan ce gadon kakanni ne, amma malaman Malikiyya na farko sun gindaya mata iyaka mai tsauri. Muhammad ɗan Sahnun, malamin birnin Ƙairawan na Tunisiya da ya rasu a 870, ya rubuta Adabul Mu'allimin. A ciki ya ce kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uban yaro, kada ya doki fuska ko kai, kada ya yi duka don huce haushinsa, kada ya hana yaro abinci, kada kuma ya aike shi biyan buƙatar kansa. Ya ce ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a daidaita su wajen koyarwa. Ibnu Khaldun ma ya keɓe fasali a Muƙaddima kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana koya masa ƙarya da munafunci don ya tsira daga duka. Wanda ya auna waɗannan da abin da ake gani yau, dorina goma sha biyu saboda makara, ko tsallen kwaɗo a rana tsaka har yaro ya faɗi, ko tura ɗalibai noma a gonar malam, zai ga cewa al'adar ta zarce abin da littafin ya yarda da shi nesa ba kusa ba.

Horon baki ma yana cikin lissafi. Kiran yaro daƙiƙi a gaban aji, ko fito da shi a asambili saboda babansa bai biya kuɗin makaranta ba, ko yi wa mai in'ina dariya, duk cin mutunci ne ko da hannu bai taɓa shi ba.

Iyaka tsakanin ma'aikaci da ɗalibi

Sashe na 31 na dokar 2003 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro ko yarinya, kuma ya toshe uzuri biyu: cewa da yardarta aka yi, da cewa ya ɗauka ta kai 18. Kaduna ta ƙara tsananta nata hukuncin a Satumban 2020, inda ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai 14 ba fyaɗe.

Sai dai ɓarna ba ta farawa da fyaɗe. Yawanci tana farawa da abin da ba wanda zai ce laifi ne: malami ya fifita yarinya ɗaya, ya riƙa ba ta kuɗin tara, ya ce ta kai masa littattafai ofis bayan an tashi, ya karɓi lambarta wai don aikin gida, sannan saƙonnin WhatsApp su koma na dare. Idan ya ga ta saba, sai ya ce kada ta faɗa wa kowa. Yara maza ma ana bi da su ta wannan hanyar, kuma su suka fi yin shiru. Saboda haka ƙa'idojin kare yara suka fi ba da ƙarfi kan ƙananan abubuwa. Kada ma'aikaci ya keɓe da ɗalibi a ɗakin da aka rufe ƙofa. Kada ya ɗauke shi a babur ko mota ba da sanin iyaye da makaranta ba. Lesin a gidan malami ba ya halatta sai iyaye sun sani kuma akwai wani babba a wurin. Saƙo ya bi ta wayar iyaye, hoton ɗalibi kuma kada ya hau Facebook ko TikTok ba izini. Waɗannan suna kare malamin kirki ma, domin wanda bai taɓa keɓewa da ɗaliba ba, da wuya ƙazafi ya kama shi.

Idan yaro ya buɗe baki

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma sau da yawa masu kyakkyawar niyya ne ke yinsa. A ce yarinya 'yar aji huɗu ta tsaya bayan kowa ya fita, tana murza bakin hijabinta, ta ce: “Malama, in faɗa miki wani abu, amma kar ki gaya wa kowa.” Abin da ake koya wa ma'aikata shi ne kada malamar ta yi alkawarin rufe maganar. Ta ce mata: “Ina jin ki, kin yi daidai da kika faɗa mini. Amma in abin zai cutar da ke ne, dole in sanar da wanda zai taimake ki.” Ta saurara ba tare da salati da ƙarfi ko zare ido ba. Kada ta sa mata magana a baki da tambaya irin “Wane ne ko?”, kada kuma ta duba jikinta. A ranar ta rubuta abin da yarinyar ta faɗa da kalmominta, da kwanan wata da lokaci, ta kai wa shugaban makaranta ko wanda aka naɗa don kare yara. In shugaban ne ake zargi, sai ta wuce shi zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko ofishin jin daɗin jama'a, ko 'yan sanda.

Ba aikin malama ba ne ta yi bincike, balle ta haɗa yarinyar da wanda ake zargi a yi gaba-da-gaba. In fyaɗe ne, asibiti ne farko, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Akwai cibiyoyin da aka keɓe don haka, irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna.

Ba kullum yaro ke magana ba. Tabon duka da ba shi da bayani, yawan fashi, tsoron wani malami, barci a aji saboda talla har dare, yarinyar da ta daina zuwa ana raɗe-raɗin za a yi mata aure, duk abubuwa ne da ya kamata a rubuta a kai gaba. Legas ta mayar da kai rahoto wajibi ga ma'aikatan makarantu a manufar da ta fitar a 2016.

Babban abokin gabar wannan tsari shi ne rufin asiri. Iyaye suna tsoron kada 'yarsu ta rasa mijin aure, mai makaranta yana tsoron sunan makarantarsa, dattawan unguwa suna son a yi sulhu a zaure. Sai a sallami malamin a ɓoye, ko a yi masa taransifa zuwa ƙauye, inda yara sun fi rauni kuma idon hukuma ya fi nisa.

Ɗaukar aiki

Ingila ta koyi wannan darasi da tsada. A 2002 wani mai kula da ginin makaranta a garin Soham ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 10, daga baya aka gano an sha zarginsa da lalata a wani yanki amma bayanin bai biyo shi ba. Binciken da aka yi a 2004 ya kai ga tsaurara tantance duk mai aiki da yara, kuma yanzu kowace makaranta a can tana da jami'in kare yara. A Najeriya babu irin wannan tantancewar da ta game kowa. Abin da makaranta ke iya yi shi ne ta nemi shaida daga inda mutum ya baro, ta kira da kanta ta tambayi dalilin barinsa, ta duba lasisinsa.

A Kano an ga cewa haɗarin na iya fitowa daga saman makarantar. A Disamban 2021 mai wata makarantar kuɗi ya sace ɗalibarsa 'yar shekara 5, ya nemi kuɗin fansa, ya kashe ta. Gwamnatin jihar ta soke lasisin makarantun kuɗi baki ɗaya don a sake tantance su, babbar kotun jiha kuma ta yanke masa hukuncin kisa tare da wani abokin aikata laifin a Yulin 2022.

Makarantun kwana da tsangayu

A makarantar kwana nauyin ba ya sauka da ƙarar ƙararrawa. Cin zalin da siniyoyi ke yi wa ƙananan ɗalibai da dare laifin ma'aikacin da ke kan aiki ne idan ya kau da kai, kuma miƙa wa firifet bulala ba ya sauke masa nauyi. Sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, ya ƙara wa ma'aikata aikin da ba a koya musu a kwalejin horon malamai ba: ƙidayar ɗalibai, sanin wanda ya zo ɗaukar yaro, shirin hanyar tserewa. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar tsaron makarantu da hana cin zarafi a cikinsu a 2021.

Tsangayu da makarantun allo suna wajen yawancin wannan tsari. Alaramma ba ya rajista da TRCN, kuma sau da yawa gardawa ne ke riƙe da ƙolawa dare da rana. A Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum kusan 300, da yara a cikinsu, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura. Da yawa daga cikin waɗanda aka samu a gidajen, iyayensu ne suka kai su da kansu don a gyara musu hali, suna kuma biyan kuɗi.