Fadojin Kwarin Loire a Faransa

Kwarin Loire yanki ne a tsakiyar Faransa da ya shahara da tsofaffin gidajen sarauta da ke warwatse cikin karkara, a gaɓar kogin Loire da rassansa, wato Cher da Indre da Vienne. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren kwarin, daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes, kimanin kilomita 280, cikin wuraren tarihi na duniya.

Asalin da yawa daga cikin fadojin ganuwar yaƙi ce, kamar ta Chinon da ta Angers. Bayan da yaƙin shekara ɗari da Ingila ya ƙare a 1453, sarakuna da fadawansu suka koma gina gidajen hutu da farauta, masu manyan tagogi da lambuna, bisa salon da suka gano a Italiya. Shi ya sa hasumiyoyin da ake gani a yawancinsu na ado ne kawai.

Chambord ita ce mafi girma. Sarki François na Ɗaya ya fara gina ta a 1519. Tana da ɗakuna fiye da 400 da murhu 282, kuma dajin da ke kewaye da ita ya kai hekta 5,440, an zagaye shi da katanga mai tsawon kilomita 32. Abin da ya fi jan hankali a cikinta matattakala ce mai hawa biyu da suka murɗe da juna: mutum biyu za su hau lokaci guda, suna hango juna ta ƙananan tagogi, amma ba za su haɗu ba har su kai sama. Ana danganta tunanin ga Leonardo da Vinci, mai zane ɗan Italiya, wanda ya rasu a Amboise a shekarar da aka fara ginin. Ɗakuna da dama babu kaya a ciki, domin sarakunan wancan zamani da kayan ɗakinsu suke yawo daga fada zuwa fada. Rufin ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci, inda bututun hayaƙi da hasumiyoyi suka cunkushe kamar wani ƙaramin gari.

Chenonceau kuwa a kan ruwa take zaune. Diane de Poitiers, masoyiyar Sarki Henri na Biyu, ce ta sa aka gina gada a kan kogin Cher, daga baya matar sarkin, Catherine de Médicis, ta ɗora mata dogon zaure mai tsawon mita 60. A yaƙin duniya na ɗaya zauren ya zama asibiti. A na biyu kuma kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, har mutane suka riƙa tsallakewa ta cikin zauren. Fadar Villandry kuma lambunanta ake zuwa gani, waɗanda wani likita ɗan Sifaniya, Joachim Carvallo, ya sake tsarawa bayan ya sayi gidan a 1906.

Farin da gine-ginen suke da shi na wani dutse ne mai laushi da ake haƙowa a yankin. Yana da sauƙin sassaƙa, amma yana shan ruwa, sanyi ya daskarar da ruwan, dutsen ya riƙa ɓarewa. Don haka ba abin mamaki ba ne a tarar an rufe wani ɓangare ana gyara.

Daga Paris, jirgin ƙasa mai sauri daga tashar Montparnasse yana isa Saint-Pierre-des-Corps, kusa da Tours, cikin kamar awa guda. Daga tashar Austerlitz zuwa Blois kuma wajen awa ɗaya da rabi. Chenonceau tana da tasha dab da ƙofarta. Chambord ba ta da ita, tana nesa da Blois da kusan kilomita 15, kuma motocin da ke kai mutane ba sa yawan tashi idan ba lokacin baƙi ba ne. A nan ne shirin mutane ya fi lalacewa.

Kuskure na biyu shi ne cusa fada huɗu ko biyar a yini guda. Chambord kaɗai tana cin awa uku. Biyu a rana sun wadatar. Yuli da Agusta cunkoso ne, Mayu da Yuni da Satumba sun fi daɗi, a lokacin sanyi kuma ana rufewa da wuri, wasu ƙananan ma ba sa buɗewa. Gidajen abinci na ƙauyuka galibi daga sha biyu zuwa biyu na rana suke ba da abinci. Mai kiyaye halal ya tambaya kafin ya ci, domin sanannen naman da ake shafawa a burodi a Tours na alade ne.